Naman Dawa Ba Ya Jiran Mai Kallo

Ƙannena maza da mata, kwanan nan hira ta yawaita a tsakaninku a kan bidiyon nan da ke yawo a waya: dubban namun daji sun yi dandazo a bakin wani kogi a Kenya, ƙura ta turnuƙe, sai kawai su ɓarke su afka ruwa, kada na cafkar rabonsa, saura na haurewa. Wasunku da sana'a ta fara kankama suna cewa in Allah ya hore sai sun je sun ba idonsu abinci. Wasu kuma na yi musu dariya, wai ɗan Birnin Gwari, wanda aka haifa a bakin daji, shi ne zai kwashi kuɗi ya hau jirgi don kallon daji? Ni ba na cikin masu dariyar. Duba halittar Ubangiji ba aikin banza ba ne, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da nake jiye muku shi ne ku tashi da zaton cewa abin yana da rana da sa'a da aka tsayar, ku je ku dawo aljihu wayam, ido kuma bai ga komai ba.

Ku fara gane abin da ke tayar da dabba daga wuri. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, don mun tashi muna ganin Fulani. In kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, rafuka suka janye, Bafulatani ya kan kora shanunsa ya nausa kudu inda ƙasa ke da sauran danshi. Damina na sauka ya juyo arewa, gudun tsando da laka. Ka tambaye shi ranar da zai tashi, ba zai ba ka kwanan wata ba. Sama zai duba, ya dubi ciyawa, ya dubi cikin shanunsa. To naman dawa ma ruwa da ciyawa yake bi. In ruwan shekara ya makara, shi ma zai makara. In ya yi sammako, shi ma ya yi. Duk wanda ya ce muku ranar kaza ga watan kaza za su tsallaka kogi, kuɗinku yake so.

Ƙaura ta farko da ya kamata ku kalla ba ta buƙatar ko sisin kwabo, don a kanku take sauka. Shamuwa nake nufi. Kowane yaro a Tsohon Birnin Gwari ya san in ta iso, lokacin gyaran gona da fito da iri ya yi. Amma nawa ne a cikinku suka taɓa tambayar daga ina take, ina kuma take zuwa? A wajenmu take sheƙa, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa da damina ke fitarwa. Ruwa na ɗaukewa sai ta kama hanya, ta ƙetare tsakiyar Afirka, ta sauka a Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, inda daminarsu ke kamawa daidai lokacin da mu muke fama da hunturu. Damina biyu take ci a shekara. Tsuntsuwar da ke saman tsamiyar ƙofar gidanku ta riga ku zuwa ƙasashen da kuke mafarki.

Ku sayi ƙaramin littafi na aljihu. Bana ku rubuta ranar da kuka fara ganinta, da bishiyar da ta zaɓa, da tazarar da ke tsakanin zuwanta da ruwan shuka. Ku tsaya ku dube ta da kyau: baƙin bayanta mai ɗan ƙyalli, farin cikinta, shuɗin fatar da ke gefen fuskarta da ɗan jan da ke kusa da ido. Ku lura da yadda take bin bayan mai noma tana tsintar abin da garma ta tono. Ku rubuta ranar da kuka wayi gari babu ita. Abin kamar wasa ne, amma shi ke koya wa ido zama wuri ɗaya. Mutumin da bai iya kallon tsuntsu ɗaya na minti goma ba, ko an kai shi gaban dabba miliyan, hoto kawai zai ɗauka ya ce a tafi.

Yanzu batun dajinmu. Gandun Kamuku tun 1936 aka keɓe shi a ƙarƙashin En'e ta Birnin Gwari, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da gandun Kwiambana na jihar Zamfara, rabuwar da ke kan takarda kawai, don giwa ba ta san iyakar jiha ba. Tana ratsawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon inda ruwa da ganye suke. An san dajin da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa, ga garken gwaggon biri a Tsaunin Rema, ga burtu da tuje, an kuma lissafa tsuntsaye sama da iri 170 a cikinsa. Akwai magangarar Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse. Da a wata ƙasa wannan daji yake, da yaranmu na cin abinci da aikin jagorar baƙi.

Amma ku da ni mun san abin da dajin nan ya zama cikin shekaru goma da wani abu. Mun san gidajen da suka yi makoki, mun san yadda hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka koma sai da addu'a da rakiya. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, ya kawo sauƙi, mun gode Allah. Sai dai buɗe kasuwa daban, shiga ƙungurmin daji da kyamara daban. Kada ɗayanku ya ɗauki babur da abokai uku ya ce zai leƙa Kamuku don ya nuna shi namiji ne. In sha'awar ta matsa, ku je ofishin gandun da ke garin Birnin Gwari ku tambayi ma'aikatan. Suka ce a'a, magana ta ƙare. Suka ce e, to da su za a shiga, da rana, a inda suka nuna, da sanin iyaye da masu gari.

Akwai wani shiga dajin da ba ya buƙatar ƙafa. Tsofaffin maharbanmu suna nan, kullum kuma raguwa suke yi. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku riƙe goro a hannu, ku ce, "Baba, a zamaninku ta ina giwa ke ratsawa? A wane wata? Me take ci in rani ya tsananta? Yaya ake bambance sawun gwanki da na kanki?" Ku rubuta abin da suka faɗa da sunayen rafuka da tsaunuka yadda suka kira su. Ranar da dajin zai buɗu, ba a kwamfuta za a samo wannan sani ba.

Tafiya ta farko ta gaske, a ganina, ku yi ta cikin Nijeriya, kuma ku yi ta da hunturu. Ku nufi fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala su bazu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, tsuntsayen ruwa dubbai kan taso daga Turai gudun ƙanƙara, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka nan. Dagona, kusa da Gashuwa a jihar Yobe, mafaka ce da aka keɓe musu, tana cikin gandun ƙasa na yankin Tafkin Cadi. Har mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Filip, ya je can a 1989. Ta ɓangaren Jigawa kuma akwai Baturiya. A fita da asuba, bayan salla, sanyi na ratsa ƙashi, hazo kwance a kan ruwa. Da farko sauti za ku ji, fito na kirinjijiya da gurnanin dinya, kafin ido ya rarrabe baƙi daga 'yan gida. Can sai wani abu ya firgita su, agwagin ruwa su tashi gaba ɗaya su rufe gabas, su kewaya, su sake sauka. Ɗan ƙaramin tsuntsun da ke tsoma baki cikin taɓo a gabanku, wanda bai cika tafin hannu biyu ba, mai yiwuwa a arewacin Rasha aka ƙyanƙyashe shi.

A can ma za ku ga yadda ɗan Adam ke taɓa ƙaura ba tare da ya harba bindiga ba. Madatsar Tiga da ta Challawa a jihar Kano sun sauya yadda ambaliya ke zuwa fadamun, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunta da manoman shinkafa za su ba ku labarin fiye da kowane malami.

Yankari a jihar Bauci ita ce makarantar koyon zama cikin motar kallo. An buɗe ta ga jama'a a 1962, faɗinta ya ninka na Kamuku, kuma nan ne garken giwa mafi girma da ya rage a ƙasar nan yake. Ƙarshen rani ya fi, lokacin da ciyawa ta kwanta, ƙishi ya koro dabbobi bakin kogin Gaji. Ba ƙaura ce mai nisa ba, amma dalilin ɗaya ne. Za ku iya kwana biyu ba ku ga giwa ba sai kashinta da sawunta, kuma gara ku ɗanɗani wannan takaicin a kan naira kafin ku ɗanɗane shi a kan dala. Ku yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, ku kuma riƙe ledar abincinku da kyau, gwaggon birin wurin ba su da kunya.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne na ƙarshe na irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su kai 50 ba, kulawa ta sa suka haura 600. Da damina suna kan tudu, da rani su gangara Dallol Boso. A 2018 an ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Amma a Kuren ne 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020, don haka shawarar Kamuku ita ce shawarar Kure: a tambayi hukuma tukuna.

To, mu je ga babbar tafiyar. Dabbar da kuke gani a bidiyo Suwahilawa na kiran ta nyumbu. 'Yar uwar kankinmu ce, mai gemu da ƙaho irin na saniya. Sun haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa wajen 200,000 da bareyi masu yawa, suna kewaya tsakanin gandun Serengeti na Tanzaniya da Masai Mara na Kenya. Kewaye ne da ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Daga Janairu zuwa Maris suna filayen kudu, wajen Ndutu, inda gajeriyar ciyawa mai gina jiki ke tsirowa a kan tsohuwar tokar dutse mai aman wuta. Can suke haihuwa, kuma kusan a tare: cikin 'yan makonni, galibi a Fabrairu, a kan haifi maruƙa wajen rabin miliyan. Afrilu da Mayu ruwa ya yi yawa, hanyoyi sun caɓe, su kuma sun kama hanyar arewa maso yamma. Wajen Yuni suna kogin Grumeti. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa, suna kai da kawo a kogin Mara. Ruwan Nuwamba na fara sauka a kudu sai su juya.

Saboda haka tambayar farko ba "nawa ne kuɗin jirgi" ba ce. Me kuke son gani? In kogi ne, ku nufi Agusta ko Satumba, ku kuma sani lokacin ne duniya duka ke zuwa, komai ya yi tsada, motoci sun yi yawa. Ni da za a bi ta tawa, da na ce mai zuwan farko ya zaɓi Fabrairu a Ndutu. Tsallaken kogi sa'a ne, ana iya kwana uku ba a dace ba. Haihuwa kuwa ba ta ɓuya: fili ne shimfiɗe iyakar ganinka, cike da uwaye, ka ga maraƙi ya faɗo ƙasa jiƙe, ya yi tangaɗi, cikin 'yan mintuna ya miƙe ya bi uwarsa da gudu, ga kura da zaki na shawagi a gefe. Duk wanda kuka zaɓa, kada ku ba dajin ƙasa da kwana uku cikakku. Gara masauki mai araha da kwana huɗu da masauki na ƙasaita da kwana ɗaya.

Kuɗi kuwa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga babban baƙo daga waje dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni, ban da jirgi da mota da makwanci da abinci. Ku lissafa da canjin yau ku ga inda kuka tsaya. Kada ku ci bashi, kada ku sayar da gona, kada ku taɓa jarin sana'a, kada kuma wanda bai sauke nauyin gidansu ba ya tafi. Ku haɗu mutum biyar ko shida waɗanda kuka yarda da juna, ku kafa adashi na shekara ɗaya ko biyu, don motar kallo ta kan ɗauki wajen shida, kuma kuɗinta ɗaya ne ko mutum nawa ke ciki. 'Yan mata su shirya da muharraminsu ko su haɗa ayari na dangi. Ku yi hattara da masu tallan tafiya a Facebook da Instagram masu cewa a turo kuɗi duka yanzu. Ku nemi kamfani mai rajista a ƙasar da za ku, ku sa su rubuto muku dalla-dalla abin da kuɗin ya ƙunsa: kuɗin shiga gandu na ciki? Mota taku ce ku kaɗai ko za a cusa muku wasu? Masaukin yana cikin gandu ne ko sai an yi tafiyar awa biyu kowace safiya kafin a kai ƙofa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa, alhali da sassafe da yamma liƙis ne dabbobi ke motsi.

Takardu ba su da wuya in an fara da wuri. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara, mai launin ruwan ɗorawa, dole ne. Dokar biza da izinin shiga na sauyawa, don haka ku duba shafin gwamnatin ƙasar da kanku, kada ku dogara da abin da wani ya ji. Akwai jirgi daga Kano ko Abuja da ke bi ta Addis Ababa, akwai na Legas zuwa Nairobi kai tsaye. Daga Nairobi zuwa Mara ta garin Narok tafiyar awa biyar ce zuwa shida a mota. Masu zuwa Serengeti kuwa daga Arusha suke tashi.

A jaka, ku sa rigar sanyi mai kauri. Yankin Mara tudu ne, ya haura mita 1,500, kuma Yuli da Agusta lokacin sanyinsu ne. Fitar asuba a buɗaɗɗiyar mota ba ta da bambanci da hunturun Jos. Ku guji tufa baƙa da shuɗiya, su ne tsando ke bi. Kada ku sa mai zanen kayan soja. Kada ku shiga da leda, Kenya ta haramta ta tun 2017, Tanzaniya tun 2019. Madubin hangen nesa ya fi muku sabuwar waya amfani, ko na hannu ne ku saya, kuma da shi za ku fara tun daga Dagona. Ku gaya wa masu masauki tun kafin ku iso cewa ku Musulmi ne don su san abin da za su dafa, ku riƙe dabino da ƙuli-ƙuli. Cikin gandu ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka ware, saboda haka ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salla tun kuna gida, ku kuma shirya da direba inda za a tsaya azahar.

Direban nan shi ne rabin tafiyarku. Da yawansu Masai ne ko 'yan yankin, sun san dajin kamar yadda maharbanmu suka san Kamuku. Ku gaishe shi da mutunci, ku koyi 'yan kalmomin Suwahili, ku yi masa tambaya, ku ware masa ihsani a ƙarshe. In ya kashe mota ya ce a jira, a jira.

A bakin Mara ne za ku gane dalili. Garken ya kan taru a kan gaɓa tun hantsi, na baya na turo na gaba, kukansu ya cika wuri. Ɗaya ta sauko ta shinshina ruwa, ta ɗaga kai, ta koma. Sai duk su juya kamar sun fasa, su yi nisa, su fara kiwo. Rana ta take, ƙuda na damun ku, wani a mota ya fara cewa a tafi a nemi zaki. Awa biyu, awa uku. Can sai su dawo, wata ta yi tsalle ba tare da wani dalili da ido ya gani ba, shi ke nan, gaɓar duka ta zubo. Ba kada ne ya fi kashe su ba, turmutsutsu ne da ruwa: wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa sama da 6,000 ne ke nutsewa a kogin kowace shekara. Wani lokaci kuma laifin masu kallo ne. Mota ta matsa ta tare mashiga ko mafita, garken ya kauce ya faɗa ta inda gaɓa ke da tsayi, su tattake juna. Don haka direba nagari ya kan tsaya can baya, sai tsallaken ya kankama sannan ya matso. In naku ya tsaya nesa, kada ku ce masa "matsa mana, Malam" don wasu motoci sun wuce gaba, kada ku yi masa tayin kuɗi ya karya doka, kada kowa ya sauko ko ya ɗaga murya. In kuma har magariba ta gabato ba su tsallaka ba, ku tambaye shi ƙarfe nawa za a fito gobe.